Maganin tsutsar ciki ba ya jawo wa yaro asma

Duk sanda Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara ya zagayo muka fita rabon bitamin A da maganin tsutsar ciki a unguwannin Daura, sai wata uwa ta ja ni gefe. "Malama, an ce ƙwayar nan tana tayar da borin jini, wai tsutsar ma ita ke tsare yaro daga asma. Haka ne?"

Ba na raina wannan tambaya, domin maganar tana da tushe. Makamin da garkuwar jiki ke ɗauka ta yaƙi tsutsa, shi ne dai take ɗauka bisa kuskure ta afka wa ƙura ko wani abinci, har yaro ya kama atishawa, ƙaiƙayi ko fitar ƙuraje. Ita kuwa tsutsa, don ta samu wurin zama a cikin hanji, takan lallashi garkuwar ta yi sanyi. Shi ya sa a binciken da aka yi kan 'yan makaranta a Gabon da Biyetnam, bayan an yi ta ba su magani, gwajin fata ya nuna jikinsu ya ƙara saurin mayar da martani ga ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki. Amma a lura da kyau: gwaji ne ya canza. A Biyetnam ba a ga asma ko ciwon fata ya ƙaru ba, haka ma a Ekwado, inda aka bi yara tsawon shekara guda.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da muke gani da idonmu. 'Ya'yan macijin ciki sai sun ratsa huhu kafin su koma hanji su girma, kuma a wannan ratsawar yaro yakan yi tari, ƙirjinsa na ƙara kamar mai asma. Akwai kuma wadda ke shiga ta tafin ƙafa idan yaro na yawo ba takalmi inda ake bahaya a fili. Ita jini take sha. Za ka ga yaro ya yi fari fat, ba kuzari, a aji sai barci, uwa tana ta cewa yana cin abinci amma ba ya ƙiba. Wallahi wannan yakan tsaya min a rai, domin ƙwaya ɗaya ce maganinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar albendazole mai miligiram 400 ko mebendazole mai 500, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, gwargwadon yawan cutar a yanki. Ɗan shekara 1 zuwa 2 rabin ƙwayar albendazole ake ba shi. Mai ciki ba ta sha a watanni 3 na farko.

Wani yaron yakan ɗan ji ciwon ciki ko tashin zuciya, ya wuce da kansa. In kuwa leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a kawo shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Yaron da dama yake da asma ya sha maganin tsutsarsa, ya ci gaba da nasa na asma, a kuma kare shi daga ƙurar hunturu da hayaƙin murhu.

Iyaye mata, ɗan da bai kai shekara 3 ba kada a tura masa ƙwayar gaba ɗaya yana kuka. A murƙushe ta a cokali, a sa ruwa kaɗan mai tsabta, a zaunar da shi sannan a ba shi.