Koto mai rai ya fi gamalin

Kwanakin baya na sauka bakin ruwa a ƙasar Yawuri da sassafe, na tarar da 'yan karfasa birjik a saman ruwa, ciki sama, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Ba sai an faɗa mini ba, wani ya zuba gamalin da dare. Wannan magani na kashe ƙwari ne, duniya ma ta sa shi cikin haramtattu tun 2009, amma har yau akwai mai kwarara shi a gulbi, ya kwashe kifin ya kai kasuwa, yara su ci su kwana da ciwon ciki da amai.

Abin takaicin shi ne, wanda ya yi haka ya kashe abincin giwan ruwa, alhali da 'yar karfasa guda mai rai zai iya kama giwan kansa.

'Yan'uwa masunta, ga yadda ake yi. Ku sami ɗan kifi kamar tsawon tafin hannu, karfasa ko kawara, ku ajiye shi cikin bokiti a inuwa, kuna sauya masa ruwa. Wurin sa ƙugiya nan ake yin kuskure. A soka ta a gadon baya, dab da ƙayar sama, a sama-sama cikin tsoka. Ta taɓa ƙashin baya, koto ya mutu ke nan, kuma giwan ruwa mafarauci ne, abin da ke motsi ya fi ɗaukar hankalinsa. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi, a sa ta a leɓe, don kifin ya fuskanci ruwan ya yi ta numfashi.

Sama da ƙugiya da kamar kamu ɗaya, a matsa 'yar darma. Sannan a ɗaura abin da zai yi yawo a saman ruwa, ɗan gora ko totuwa ko guntun silifa. Aikinsa biyu: yana riƙe koto kada ya shige cikin duwatsu da saiwoyi, kuma shi ne idonka. Kada ya yi ƙanƙanta har koto ya nutsar da shi. Ka fara gwada zurfin wurin da sandar gora tukuna, ka bar koto yana lilo kaɗan sama da ƙasa. Idan akwai kifin tsage, ƙara 'yar waya a bakin ƙugiya, haƙoransa ba su san zare ba.

Da ka ga goran ya nutse, kada ka fizga nan take. Ɗan jinkirta ya kama sosai.

Masu fatsa a teku, can wajen Legas da Badagiri, haka suke yi da jatan lande mai rai, sai dai su suna lura da cikowar ruwa da janyewarsa, kuma dole su wanke ƙugiya da ruwan daɗi bayan sun tashi, don gishiri na cin ƙarfe. Mu nan gulbin Neja da tafkin Kainji sun ɗauke mana wannan wahala.

Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, a taimaka mana da tsawatarwa. Wanda kuma yake son a gwada masa ɗaurin, ya same ni bakin gulbi ranar kasuwa, ya zo da ƙugiyarsa da bokiti.