Ƙazafin baki da na takarda: bambancin da aka gada daga kotunan Ingila

Duk sanda aka maka wani a kotu kan bidiyon TikTok ko saƙon murya na WhatsApp, sai lauyoyi su koma kan tsohuwar gardamarsu: wannan ƙazafin baki ne ko na rubutu? Kar a ɗauka wasa da kalmomi ne. A dokar da Najeriya da Ghana suka gada daga Ingila, wanda aka ɓata wa suna da fatar baki sai ya nuna asarar da ya tafka kafin a biya shi diyya, in ban da wasu 'yan zarge-zarge masu nauyi. Wanda aka ɓata a rubuce ba a ɗora masa wannan wahala.

Kalmar slander, wato ƙazafin baki, ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, asalinta kuma Girkanci ne, skandalon, tarko ko abin tuntuɓe. Libel kuwa, wato ƙazafin rubutu, daga Latin take, ma'anarta ɗan ƙaramin littafi. Da can malaman coci ke hukunta maƙazafta. A 1275 aka yi dokar hana yaɗa ƙarya kan manyan ƙasa.

Inda aka fi mantawa shi ne 1812. Wani basarake, Lord Kerry, ya kai ƙarar wani mutum mai suna Thorley saboda wasiƙar da ta kira shi munafuki mai fakewa da addini. Da a baki aka faɗi wannan magana, da ƙarar ba ta je ko'ina ba. Abin mamaki, kotun ɗaukaka ƙarar da kanta ta ce ba ta ga hujjar fifita rubutu ba. Ta ma kawo misali: maganar da aka yaɓa wa ɗan kasuwa a bainar jama'a a Landan tana iya zagaye gari fiye da wasiƙa guda. Amma ta ce an shafe fiye da ƙarni ana tafiya a haka, ba za ta rushe ba.

A ganina nan gizo yake saƙar. An ga ɓarakar ƙiri-ƙiri, aka bar ta don girmama abin da aka tarar, sai kowace sabuwar fasaha ta zo da nata ciwon kan. A 1934 kotu ta sa fim a sahun rubutu, dokar 1952 ta yi wa rediyo haka.

New Zealand ta soke bambancin baki ɗaya, Ireland ma ta bi sahu a 2009. Ingila har yau tana riƙe da shi.