Sassabin zamani

Sassabin zamani hanya ce ta raya itatuwa a cikin gona ba tare da dashe ba. Manomi ba ya sare duk tohon da ke fitowa daga kututture ya ƙone shi kamar yadda aka saba a sassabe. Yana zaɓen mai ƙarfi ya rene shi har ya zama itace. Hanyar ta bazu a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, daga tsakiyar shekarun 1980, kuma masu nazarin yaɗuwar dabaru suna yawan kafa misali da ita, domin manomi ne ya koya wa manomi.

Tarihi

Barin itace a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Ana cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. Abin da ya raunana al'adar shi ne dokar daji ta Faransawa ta 1935, wadda ta ɗora ikon itatuwa a hannun hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Manomi na iya shan tara kan itacen da ke tsakiyar gonarsa, don haka ya gwammace ya kashe shi tun yana toho. Ga kuma koyarwar malaman gona cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙaf. Da aka yi fari a shekarun 1970, iska ta riƙa binne shuka da yashi, wani sai ya shuka gero sau biyu ko uku a damina ɗaya. An kashe kuɗi mai yawa kan dashe, mafi yawan dashen ya mutu.

Wajen 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki toho ne na itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada, maƙwabta na yi musu dariyar ƙazamar gona, wasu kuma na sace itacen da dare. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari. Da rabon ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Ragowar ne suka yi aikin: mutane sun ga gero bai ragu ba, ga itacen girki da na rufin ɗaki a kusa, sai suka fara kwaikwayo da kansu, labarin na tafiya ta kasuwanni da bakin 'yan ci-rani.

Yadda ake yi

Kafin damina manomi yana zaga gonarsa ya zaɓi kututturan da zai bari: sabara, kalgo, geza, taramniya, magarya, aduwa ko gawo. A kowane kututture yana barin rassa uku zuwa biyar mafi miƙewa, ya sare sauran, sannan ya sassaƙe ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon. Ana sara da gatari ko adda mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, domin saran da aka yi daga sama zuwa ƙasa yana ɓare ɓawo ya buɗe wa ƙwari hanya. Wanda ya wuce rabi wajen sassaƙa zai tarar reshen ya yi siriri, iska ko akuya ta karya shi. Ana maimaita gyaran bayan wata biyu zuwa shida. Wasu na ɗaura jan ƙyalle don a san itacen na da mai shi. Gawo ya fi farin jini, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Tsaro da mallaka

Manomi ɗaya ba ya iya kare itacensa, sai gari ya yarda. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, an kafa kwamitin sintiri mai maza da mata da Fulani makiyaya, ya tsara dokar sara da tarar wanda ya karya ta, ƙauyukan kewaye suka ɗauka. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara wa manomi tabbacin cewa abin da ya rena zai amfane shi.

Girma da saɓani

Nazarin hotunan tauraron ɗan Adam da masu bincike Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu 'yan Nijar suka yi a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an raya itatuwa kusan miliyan 200 a gonaki hekta miliyan 5. Ana saɓani kan rabon ƙaruwar ruwan sama a wannan farfaɗowa, da kuma kan gawon Magariya da Matamai da Mirya a jihar Damagaram, wanda wasu ke ganin manoman yankin sun rene shi ne ba da wani shiri daga waje ba. An ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, wata lambar yabo ta duniya, a 2018 saboda wannan aiki.