Lokacin da giyar mota mai otomatik ta yi kuskure: yadda ake karanta shi a sikana

*Me kwamfutar mota take ajiyewa idan ta kama matsala a giya?*

Lambar matsala kamar P0730, ta rashin daidaiton giya, tana faɗin abin da ya faru ne kawai. Tare da ita kwamfutar takan ɗauki hoton yanayin motar a daidai lokacin: juyin inji, gudun mota, zafin ruwa, ƙarfin batir, da yawan daƙiƙun da inji ya yi a kunne. Motocin tsarin OBD-II, tsarin binciken matsalar mota da kwamfuta wanda ya zama dole a Amurka tun 1996, suna ba da wannan bayani ta soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona sikana, na'urar karanta kwamfutar mota. Idan P0700 kaɗai ka gani, kwamfutar inji ce take nuna maka cewa ainihin lambar tana cikin kwamfutar giya, sai ka shiga can.

*To, me lokacin yake nunawa?*

Nan ne aikin yake. Matsalar da ta faɗo daƙiƙa uku ko biyar da tayar da inji, mota a tsaye, gudu sifili, ba ta kulochi ba ce, domin giya ba ta ɗauki nauyi ba tukuna. Nemi waya, soket, fis ko solenoyid, wato bawul ɗin lantarki mai buɗe wa man giya hanya. Duba batir ma: idan hoton ya nuna bolt 10 ko ƙasa, gwada batir da caji kafin ka taɓa giya.

Wadda kuwa ba ta zuwa sai an yi tafiyar minti 20 ko 30, man giya ya haura digiri 90, labarinta daban. Mai idan ya yi zafi yakan tsinke, ya riƙa sulalewa ta robobin da suka bushe, matsi ya ragu, kulochi ya zame. P0741 ta kulochin kwanbata, abin da ke haɗa inji da giya, takan fito ne a kan titi, ana gudu daidai wa daida. Irin wannan ba a kama ta da zagayen gareji na minti biyar, kuma a nan ne makanikai da yawa ke cewa mota lafiya lau, mai ita ya dawo washegari.

*Lambobi huɗu sun fito, wacce za a fara bi?*

Kwatanta lokutansu. Idan sun faɗo a daƙiƙa ɗaya, da wuya sassa huɗu su mutu tare. A nemi wayar ƙasa ko fis da suke haɗawa. Idan a jere suke, ta farko ce uwa: sensan gudu P0720 yakan jawo lambar rashin daidaiton giya a bayansa.

*Yaya ake gane sabuwar matsala da tsohuwa?*

Fitilar gargaɗin inji takan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere babu kuskure, amma lambar tana nan sai inji ya ɗumama sau 40. Sikana tana nuna kilomita nawa aka yi tun da aka goge lambobi. Mai sayen motar Kwatano ya duba wannan: kilomita 5 kacal na nufin an goge kwanan nan, ko an cire batir.

*A goge lambar a gani ko za ta dawo?*

Kada a goge sai an ɗauki hoton allon sikana da wayar hannu. Gogewa tana tafiya da hoton yanayin gaba ɗaya. Bayan gyara, a tuƙa motar a gudu da zafin da hoton ya nuna, sikana a jone.