Sojan da ya ɓace a fagen daga: abin da doka ta tanadar wa iyalinsa

A Kaduna, garin da ke da hedikwatar runduna ta ɗaya da barikin Jaji a gefe, akwai gidajen da aka kawo musu saƙo ɗaya tak: ba a gan shi ba. Ba gawa, ba kabari, ba a san ko a zauna makoki ba. Mutane da yawa sun ɗauka bayanin da hukuma za ta yi wa irin wannan gida alfarma ce. A doka haƙƙi ne.

Yarjejeniyar Jeneba ta farko, ta 1949, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta wa masu yaƙi su nemi gawawwaki, su hana a washe su, su rubuta duk abin da zai taimaka a gane mamaci. Sashe na 17 ya ce kafin a binne soja sai an duba gawar da kyau, in da hali likita ya duba. Faifan ƙarfen nan da soja ke ratayawa a wuya, idan mai ɓari biyu ne, ɓari ɗaya zai zauna a jikin gawar. A binne shi bisa addininsa in zai yiwu, a sa wa kabarin alama yadda ko bayan shekaru za a same shi. Ƙari na farko da aka yi wa yarjejeniyar a 1977 ya faɗa ƙarara a sashe na 32: iyali na da haƙƙin sanin makomar ɗan'uwansu. Waɗannan sassa na yaƙi tsakanin ƙasashe ne. A rikicin cikin gida irin na Arewa maso Gabas, ƙari na biyu ne ke aiki, shi ma ya ce a nemi matattu.

Idan ƙasusuwa kaɗai suka rage, ana duba haƙora da tsohon karaya, sannan gwajin ƙwayoyin halitta. A nan ne dangi ke shigowa: ana goga auduga a cikin kumatu ko a ɗebi jini kaɗan. Ba lallai sai ɗan mamaci ba. Akwai ƙwayar da ke bin tsatson uwa, don haka ɗan 'yar'uwarsa da suke ciki ɗaya ma ya isa.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne batun shekara 7. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 164, ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin matacce idan waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa sun shekara 7 ba su ji ba. Wannan yana buɗe ƙofar rabon gado da neman haƙƙoƙinsa, amma bai sauke wa hukuma nauyin nemansa ba. Batun aure kuwa na alƙali ne: a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a yanka mata wa'adi, sannan ta yi takaba.

Wanda ke neman nasa yana iya shigar da sunansa wurin ƙungiyar agaji ta Red Cross kyauta. Ya tafi da lambar aikin sojan, bataliyarsa, hotonsa, da wurin da aka ji shi na ƙarshe.