LinkedIn da ire-irensa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ba a kwana biyu wani bai jefo mini ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba. Ga su a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mene ne LinkedIn ɗin?

Dandalin sada zumunta ne na ma'aikata da masu sana'a. An buɗe shi a 2003, Microsoft ta saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, a 2023 kuma masu rajista suka kai biliyan ɗaya. Shi ke nan.

Sai na biya kuɗi?

A'a, rajista kyauta ce. Akwai Premium na kuɗi, amma wanda bai ko cika bayanansa ba, in ya biya asara ya yi.

Wata uku da buɗe shafi, ba wanda ya neme ni. Me ya sa?

Wa zai neme ka? Hoton da ka sa yanko shi ka yi daga hoton taro, ga kafaɗar wani tana leƙowa ta gefe. A wurin sana'a ka rubuta “mai neman dama”. Masu ɗaukar ma'aikata da sunan sana'a suke bincike: akanta, injiniyan lantarki, mai zanen gini. In babu kalmar a ƙarƙashin sunanka, da wuya ka fito, ko da kai ne gwanin gwanaye. Je ka gyara, kar ka karaya, aikin awa ɗaya ne.

Ni ɗan kasuwa ne, ba aiki nake nema ba. Zai amfane ni?

Wa kake sayar wa? In kamfanoni da ofisoshi ne, shiga, manajojin da ke sa hannu a kan oda suna can. In ɗaiɗaikun mutane ne, Facebook da Instagram sun fi maka, sai WhatsApp Business da aka fito da shi a 2018, inda za ka jera kayanka da farashinsu. Kar ka buɗe shafi biyar ka bar su duka suna ƙura.

Ina da aiki amma ina son canji. In kunna alamar neman aiki?

To, nan kam sai a hankali. Alamar iri biyu ce. Ta farko ita ce koren zoben nan da ke zagaye hoto, kowa na ganinsa, har da maigidanka. In ba ka da aiki, ko kwantiraginka ya kusa ƙarewa kuma ofis ya sani, kunna abinka, neman aiki ba abin kunya ba ne. Akwai masu cewa zoben yana rage wa mutum daraja wajen cinikin albashi. Ni ban cika yarda ba, sai dai a manyan muƙamai, inda aka fi son a ga kamar zawarcinka ake yi.

Ta biyu masu ɗaukar ma'aikata kaɗai ke gani. Ita ta fi dacewa da kai, amma da sauran rina a kaba. LinkedIn da kansa ya ce yana ƙoƙarin ɓoye ta daga masu ɗaukar ma'aikata na kamfanin da kake, sai dai bai ba da tabbaci ba. Kuma ko ya ɓoye, dillalin aikin da ya gan ka yana iya zama abokin manajanka, magana kuwa zarar bunu ce. In sana'arku ƙarama ce, kowa ya san kowa, ni dai da na bar alamar a kashe, na bi mutum uku ko huɗu da na amince da su ta saƙon sirri. In fagen na da faɗi, kuma ko an ji ba za a kore ka ba, kunna ta. Kafin nan ka shiga saiti ka kashe sanarwar da ake tura wa abokan hulɗa in ka canza bayananka. Kuma kar ka gyara komai a dare ɗaya: shafin da ya shekara uku yana barci ya tashi da sabon hoto, ai ka gama faɗa.

LinkedIn kaɗai ne irinsa?

Akwai Xing, ƙarfinsa a ƙasashen da ke magana da Jamusanci yake. In ba can ka nufa ba, rabu da shi.

Wani ya ba ni aiki a ƙasar waje, ya ce in tura kuɗin biza tukuna.

Kar ka tura ko sisi. Kai rahotonsa, ka toshe shi.