Ra'in Saikoanalisis a Nazarin Waƙa

Ra'in saikoanalisis, wato nazarin ɓoyayyen tunanin ɗan'adam, ɗaya ne daga cikin mazhabobin tarken adabi da ɗaliban digiri na biyu da na uku kan ɗora kundinsu a kai. Tushensa aikin Sigmund Freud ne (1856–1939), likitan birnin Biyana (Vienna) na ƙasar Ostiriya, wanda ya ce buƙatun da mutum ya danne ba sa mutuwa, sai dai su sake kama su ɓullo a mafarki, ko suɓutar baki, ko fasaha. A maƙalarsa ta 1908 ya danganta aikin marubuci da mafarkin ido biyu.

Kalmar haƙiƙa ita ce wurin tuntuɓe. Freud ya raba haƙiƙar zahiri da haƙiƙar zuci, wato abin da rai ya ɗauka gaskiya ko da bai faru ba. Jacques Lacan (1901–1981) na Faransa kuwa, abin da ya kira haƙiƙa shi ne wanda harshe ya gaza kamawa. Waƙoƙin zuhudu na Hausa suna da tasu fahimtar: duniya ruɗi ce, lahira ce tabbas. Wajibi ne ɗalibi ya fayyace tun a babin farko wacce yake nufi, in ba haka ba mai duba aiki zai dawo masa da babin.

A Kano, inda Jami'ar Bayero ta daɗe da nazarin rubutacciyar waƙa, akwai abin aiki a waƙoƙin Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin. Akan zaɓi waƙoƙi kaɗan na mawaƙi ɗaya, a tantance matani, domin kofen ajami da na boko kan saɓa. Sannan a bi baiti-baiti ana fitar da siffantawa da alamtarwa masu yawan dawowa, da wurin da jigo ya karkace ba zato.

Babban kuskure shi ne ɗaukar al'adar waƙa a matsayin ciwon zuciyar mawaƙi. Buɗewa da basmala da salati, da mawaƙi ya kira kansa mai zunubi a rufewa, da siffanta duniya da tsohuwa mai kwalliya, duk gado ne da mawaƙa da yawa suka yi tarayya a kai. Hujja tana samuwa ne inda mawaƙi ya kauce wa abin da aka saba.

Wasu kuma kan daidaita sassan rai uku na Freud, na littafinsa na 1923, wato sha'awa (id) da hankali (ego) da lamiri (superego), da nau'o'in rai uku na malaman Musulunci, wato nafsul ammara (mai umarni da mugun aiki) da lawwama (mai zargin kai) da muɗma'inna (mai natsuwa). Ba su dace ba: na Freud suna aiki lokaci guda suna ja-in-ja, na malamai kuwa matakan tarbiyya ne.